Tukunyar gas, taya da silindar CNG: yadda matsi, fili da zafi suke jan juna

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, gwamnatin Najeriya take ta kiran masu motoci da masu a-daidaita-sahu su koma amfani da gas ɗin CNG, wato iskar gas ta ƙasa da ake matsewa a silinda don mota ta yi aiki da ita. Mutane da dama sun amsa kiran, sai dai sun taho da tambayoyi. Direba ya sha gas a gidan mai, allurar geji ta tsaya a kan 200, ya ajiye mota ya shiga sallah, kafin ya fito ta sauka, alhali ko taku ɗaya motar ba ta yi ba. A gida kuma uwargida tana ƙorafin cewa mai gas ba ya cika mata tukunya, domin in ta girgiza tana jin ruwan ciki yana kai da komo. A tasha ana gardama kan ko ya kamata a rage iskar taya idan bazara ta kama. Amsar dukkansu tana cikin darasi ɗaya da ake koyarwa a ajin kemistiri na sakandare, wato dokokin gas.

Abubuwa huɗun da ake aunawa

Gas taron ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, suna gudu ba tsayawa, tsakaninsu kuma akwai sarari mai yawa. A zafin ɗaki, ƙwayoyin iskar da muke shaƙa suna tafiyar kusan mita 500 a daƙiƙa ɗaya. Duk mazubin da aka sa su, za su bazu su cika shi.

Matsi shi ne ƙarfin dukan da ƙwayoyin suke yi wa bangon mazubin. Kamar ruwan sama ne a kan rufin kwano: kowane ɗigo dukansa daban, amma da yake suna da yawa, kunne ƙara ɗaya yake ji wadda ba ta yankewa. Ana auna matsi da ma'auni iri-iri. Mai faci yana amfani da psi, masu CNG suna amfani da bar, littafin makaranta kuma da paskal ko milimitar zaiba. Matsin iskar duniya a bakin teku ya ɗan haura bar ɗaya, daidai da psi 14.7, ko milimita 760 na zaiba.

Fili shi ne girman wurin da gas ɗin ya mamaye, a lita ko a kubik mita, wato mazubi mai tsawo, faɗi da zurfin mita ɗaya-ɗaya, mai ɗaukar lita 1,000. Zafi kuwa ma'auni ne na saurin gudun ƙwayoyin: idan ya ƙaru sai su ƙara sauri, dukan da suke wa bango ya ƙara yawa da ƙarfi. Na huɗun shi ne yawan gas ɗin kansa, wato adadin ƙwayoyin da aka tura ciki. Kowace doka tana riƙe biyu daga cikin huɗun nan ne a wuri ɗaya, sannan ta duba yadda sauran biyun suke bin juna. Wanda ya manta abin da aka riƙe, to ya rasa kan dokar.

Dokar Boyle: a matse fili, matsi ya tashi

A shekarar 1662 Robert Boyle, haifaffen ƙasar Ireland da ke aiki a Ingila, ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi da lanƙwasasshen bututun gilashi mai toshe a baki ɗaya. Ya riƙa zuba zaiba ta buɗaɗɗen bakin tana danne iskar da ta maƙale a ɗaya gefen. Ya ga cewa idan matsi ya ninka biyu, filin iskar yana komawa rabi, idan ya ninka uku, ya koma kashi ɗaya cikin uku. A rubuce, P1V1 = P2V2, inda P yake nufin matsi, V fili, 1 da 2 kuma kafin canji da bayansa. Wani Bafaranshe, Edme Mariotte, shi ma ya kai ga wannan bayan 'yan shekaru, kuma ya jaddada sharaɗin cewa dole zafi ya tsaya yadda yake. Saboda haka a Faransa, da makarantun da ke bin tsarinta kamar na Jamhuriyar Nijar, ana haɗa sunayen biyu a ce dokar Boyle-Mariotte.

Da wannan dokar muke numfashi. Tantanin da ke ƙasan huhu yana sauka, ƙirji ya buɗe, fili ya ƙaru, matsin ciki ya faɗi ƙasa da na waje, sai iska ta shigo da kanta. Haka sirinji yake zuƙo magani. Kuma wanda ya ɗauko ledar biskit a rufe daga Legas zuwa Jos, inda tudun ya kai kimanin mita 1,200, zai tarar ta kumbura, saboda iskar da ke danne ta daga waje ta ragu.

Sharaɗin Mariotte ba ƙaramin abu ba ne. Idan aka matse gas da sauri yakan yi zafi, shi ya sa famfon keke yake ɗumi a hannu. Injin dizal ma ba ya buƙatar fulogi: matse iska yake yi har zafinta ya isa ya kunna man da aka fesa. A irin wannan hali dokar Boyle ita kaɗai ba ta ba da amsa daidai.

Zafi, da kuskuren da ke kayar da ɗalibai

Jacques Charles, wanda ya tashi sama a balan-balan ɗin haidirojin a Paris a 1783, ya lura a wajen 1787 cewa gas yana buɗewa idan aka ɗumama shi matuƙar matsi bai canza ba. Bai wallafa ba. Joseph Louis Gay-Lussac ne ya fitar da awon a 1802, ya kuma ambaci Charles, shi ya sa dokar take ɗauke da sunansa. Idan kuma mazubin ƙarfe ne da ba ya buɗewa, to fili ya tsaya, matsi ne zai tashi tare da zafi. Littattafai da yawa suna jingina wannan ga Gay-Lussac, wasu kuma ga Guillaume Amontons wanda ya yi aiki a kai tun farkon shekarun 1700.

A nan ne ake yawan zamewa. Mutum ya ji an ce matsi yana bin zafi, sai ya ɗauka idan rana ta tashi daga digiri 20 da safe zuwa 40 da azahar, matsin tukunya ya ninka biyu. Ba haka ba ne. Sifilin ma'aunin Selshiyas wurin daskarewar ruwa ne kawai, ƙwayoyin gas kuwa a nan suna ta gudunsu. Masu gwaji sun ga cewa duk digiri ɗaya da aka sauka, gas yana rasa kusan kashi ɗaya cikin 273 na filin da yake da shi a sifili. In aka bi layin har ƙarshe, ana isa digiri 273.15 ƙasa da sifili, sanyin da babu na ƙasa da shi. A 1848 William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya ba da shawarar a fara ƙirga daga can. Don haka kafin a yi kowane lissafin gas sai an ƙara 273 a kan digirin Selshiyas. Digiri 20 ya zama 293, digiri 40 ya zama 313. Ƙarin bai kai kashi 7 cikin 100 ba. Ɗalibin da ya shiga jarrabawar WAEC ko JAMB ya raba 40 da 20 ya riga ya rasa makin tambayar, ko da sauran aikinsa ya yi kyau.

Amedeo Avogadro ya kawo yanki na huɗu a 1811: a matsi ɗaya da zafi ɗaya, fili iri ɗaya yana ɗauke da adadin ƙwayoyi iri ɗaya, ko wane irin gas ne. A 1834 Émile Clapeyron ya haɗa su duka a lissafi guda, wanda a yau ake rubutawa PV = nRT, inda n yake nufin yawan gas, T zafi a ma'aunin Kelvin, R kuma adadi ne da ba ya canzawa. Daga nan ne aka samo adadin da ɗalibai suke haddacewa, cewa mol ɗaya na gas, wato wani tsayayyen adadin ƙwayoyi, yana cin lita 22.4 a sifilin Selshiyas da matsin bakin teku.

Gardamar iskar taya

Direbobin dogon zango da yawa suna ganin hikima ce a sace wa taya iska kaɗan a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri da Yamai. Hujjarsu tana da tushe: zafi yana ƙara matsi, kuma kowa ya san fashewar taya ta fi yawa a bazara.

Ga abin da lissafi ya nuna. A ce mai faci ya sa psi 32 da safe a digiri 25. Gejinsa yana nuna abin da ya ɗara matsin waje ne kawai, don haka ainihin matsin ciki 46.7 ne. Idan tafiya da kwalta suka kai iskar ciki digiri 60, wato daga 298 zuwa 333, matsin zai zama kusan 52.2, geji ya nuna 37 da rabi. Ƙarin psi biyar zuwa shida ke nan. Masu ƙera taya sun san da wannan ƙarin, shi ya sa adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba na taya mai sanyi ne, kuma lafiyayyar taya tana jure abin da ya fi haka nesa ba kusa ba.

Abin da ɓangaren masu ragewa bai lissafa ba shi ne, taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasawa sosai a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi a cikin robar, zafin kuma yana raba roba da wayoyin ciki. Wanda ya auna taya tana da zafi, ya ga 37 ya sauke zuwa 32, da ta huce zai tarar ta koma wajen 27. A kan wannan ƙarancin iskar, in aka haɗa da lodi fiye da ƙima da tsohuwar taya 'yar gwanjo, fashewa ta fi kusa. Direbobin sun yi daidai a kan cewa zafi ne abokin gaba, maganin da suka zaɓa ne yake ƙara shi. Batun sa naitirojin a taya maimakon iska kuwa, bambancinsa kaɗan ne ga motar yau da kullum, tunda kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, kuma doka ɗaya suke bi.

Tukunya biyu, hali biyu

Mafi yawan ruɗanin da ake ciki ya samo asali ne daga kiran abu biyu da suna ɗaya. Gas ɗin girki, LPG, da gas ɗin mota, CNG, ba sinadari ɗaya ba ne, kuma ba hali ɗaya suke ciki a tukunya ba.

CNG yawancinsa wani gas ne da ake kira mitan (methane). Mitan ba ya zama ruwa komai matsin da aka yi masa, sai an sanyaya shi ƙasa da digiri 82 a ƙarƙashin sifili. Wanda ake lodawa a jiragen ruwa daga tsibirin Bonny ana kai shi digiri 162 ne ƙasa da sifili, inda filinsa yake raguwa kusan sau 600. A silindar mota kuwa yana nan a gas ɗinsa, an dai danne shi zuwa bar 200. Saboda haka dokokin da aka ambata suna aiki a kansa kai tsaye. Silinda mai lita 65 a bar 200, a lissafin Boyle, tana ɗauke da gas ɗin da zai cika lita 13,000 in aka sake shi, wato kubik mita 13. Wannan ne dalilin da ya sa ake sayar da CNG da kubik mita a wani tsayayyen matsi da zafi da aka amince da su. A ce lita kaza na gas ba tare da faɗin matsi da zafi ba, ba a faɗi komai ba. Kuma da yake yawan gas da matsi suna tafiya tare, allurar geji tana nuna wa direba kusan abin da ya rage masa.

To me ya sa allura take sauka bayan an cika? Cikawa da sauri tana matse gas, matsewa tana ɗumama shi, ɗumin yana ɗaga matsi. Famfo ya ga 200 ya tsaya. Bayan ɗan lokaci silinda ta huce, matsi ya sauka. Idan gas ɗin ya kai digiri 55 lokacin cikawa sannan ya huce zuwa 30, daga 328 zuwa 303 ke nan, allura za ta koma wajen 185 a lissafi mai sauƙi, a zahiri ma ƙasa da haka. Babu ƙwaya ɗaya da ta fita. Direban bai yi asarar kuɗi ba matuƙar mita ta auna abin da ya shiga daidai, amma gaskiya ne silindarsa ba ta ɗauki iyakar abin da za ta iya ba. Wanda ya sha da sassafe yakan sami ɗan ƙari a kan wanda ya sha da tsakar rana. In kuwa allura ta ci gaba da sauka bayan silinda ta huce, wannan yoyo ne, ba lissafi ba.

LPG kuma haɗin furofen ne da butan. Furofen yana tafasa a digiri 42 ƙasa da sifili, butan a dab da sifili, amma matsi kaɗan ya isa ya mayar da su ruwa a zafin gari. Abin da ke cikin tukunya mai kilo 12.5 ruwa ne a ƙasa, tururinsa a sama. Da an buɗe murhu, tururi ya fita, ruwan ya ƙara tafasa ya maye gurbinsa. Don haka matsin tukunyar ba ya bin yawan abin da ya rage. Tukunya cikakkiya da wadda ta kusa ƙarewa kusan matsi ɗaya suke nunawa in zafinsu ɗaya ne, har sai ɗigon ƙarshe ya ƙafe. Geji a nan ba ya faɗin gaskiyar abin da ya rage, sikeli ne yake faɗa. Shi ya sa ake sayar da gas ɗin girki da kilo, kuma nauyin tukunyar in babu komai a ciki yana buge a jikinta. Mai saye ya cire wannan daga abin da sikeli ya nuna, ya san abin da aka zuba masa. Raɓar da ke tsatsafowa a jikin tukunya idan an daɗe ana girki ita ma alama ce: tafasar ruwan ciki tana zuƙe zafin ƙarfen, inda raɓar ta tsaya nan ne ruwan ya kai.

Abin da ke motsa matsin LPG shi ne zafi, kuma ya fi na gas zalla, wanda babu ruwa a ƙasansa, saurin tashi. Furofen yana da matsin kusan bar 8 a digiri 20, ya haura 13 a digiri 40. Ƙarin ya wuce kashi 60 cikin 100, a inda gas zalla zai ƙaru da kashi 7 kacal. Sannan ruwan kansa yana kumbura da zafi fiye da sau goma a kan yadda ruwan sha yake yi. Saboda wannan ne ƙa'ida ta ce a tsaya a kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na cikin tukunya. Sararin da aka bari a sama shi ne wurin da ruwan zai buɗe. Idan aka cika ta maƙil aka bar ta a rana ko a but ɗin mota, ruwan zai taɓo sama, kuma ruwa ba ya matsuwa kamar gas, sai matsi ya yi tsalle da ƙarin zafi kaɗan. Motsin da uwargida take ji in ta girgiza tukunya, shaida ce mai gas ya bi ƙa'ida, in dai nauyi ya cika.

Inda lissafin makaranta ya tsaya

PV = nRT ya ɗauka cewa ƙwayoyin gas ba su da jiki kuma ba sa jan juna. A matsin yau da kullum wannan zato bai yi nisa da gaskiya ba. A matsi mai yawa ko sanyi mai tsanani sai ya fara kaucewa. Johannes van der Waals na ƙasar Holan ya gyara lissafin a 1873 ta hanyar sa girman ƙwayoyin da jan da suke wa juna, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1910. Wannan jan ne yake sa gas ya iya zama ruwa tun farko. Shi ne kuma ya sa mitan a bar 200 yake matsuwa fiye da hasashen Boyle, har silinda ta ɗauki kusan kashi 20 cikin 100 a kan abin da lissafi mai sauƙi ya nuna, idan an cika ta a hankali ta huce.

Shin CNG ya fi haɗari?

Masu ɗari-ɗari suna kallon adadin ne: bar 200 a bayan kujerar fasinja, a ƙasar da mota take wuni a rana. Suna kuma tuna fashewar wata mota a wurin shan CNG a birnin Benin na jihar Edo a watan Oktoban 2024. Masu goyon baya suna cewa silindar CNG ta gaskiya ƙarfe ne mai kauri marar walda a jiki, ana gwada ta a bar 300 kafin ta bar masana'anta, tana kuma da bawul ɗin da ke sakin gas idan gobara ta kama. Zafin rana ba zai kai ta can ba: daga digiri 25 zuwa 55, bar 200 yana komawa 220 a lissafi mai sauƙi, a zahiri ya fi haka, amma bai kai 300 ba. Suna ƙarawa da cewa mitan ya fi iska sauƙi, in ya yi yoyo a fili sama yake yi, alhali LPG ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan kicin da cikin kwata yana jiran ashana.

Kowane ɓangare yana da abin riƙewa, amma lissafin ya nuna inda haɗarin ya fi taruwa. Hukumomi sun danganta fashewar Benin da silindar da ba ta cika ƙa'ida ba, wadda aka yi wa walda. Tukunyar girki ana gwada ta ne a wajen bar 30. Duk wanda ya ɗaura irinta, ko wata da aka haɗa a garejin unguwa, ya kai ta famfon da ke tura bar 200, ya ɗora mata nauyin da ya ninka gwajinta fiye da sau shida. Tsadar kayan juya mota ita ke tura wasu ga wannan hanya, shi ya sa tambayar da ta fi amfani ga fasinja da mai mota ita ce wa ya ɗaura silindar, kuma yaushe aka duba ta, domin kowace silinda tana da shekarun aiki da lokacin sake gwaji a buge a wuyanta.

A kicin ma akwai dabarun da wannan lissafi bai yarda da su ba. Wasu suna kara tukunya kusa da wuta ko su zuba mata tafasasshen ruwa don a tatso ragowar gas, musamman da sanyin hunturu lokacin da butan yake nawar tafasa, wuta ta yi rauni. Wannan yana ɗaga matsi ba tare da an san iyakarsa ba. Wasu kuma suna kwantar da ita a gefe. Na'urar da ke bakin tukunya an yi ta ne don ta karɓi tururi ta sauke matsinsa zuwa abin da bai kai kashi 4 cikin 100 na bar ɗaya ba. In tukunya ta kwanta, ruwa ne zai bi ta cikinta, kuma lita ɗaya ta ruwan LPG tana zama kusan lita 250 na gas da zarar ta fito bakin murhu.